Yadda Haladu Mai Hoto Ya Matse Marigayi Badung

Haladu taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ne gare ni, shi ma yana da bakin ramawa in ya ga dama. Yana cewa ni bawansa ne, ina cewa shi ne nawa, kuma har yau manyan gidanmu ba su zauna sun raba wannan gardamar ba.

A Laranto aka haife shi, a gidan da kakanmu ya gina da kuɗin kuza. Tun yana ƙarami ba ya dariya sai an ba shi dalili, in an ba shi dalilin ma sai ya juya shi ya duba bayansa. Ni na ajiye boko a aji biyu na sakandare na hau acaba. Shi ya kai aji biyar, kuma shekara ukun nan da ya fi ni har gobe yana ɗauke da su a kafaɗa kamar buhun dankali.

Da kyamara mai fim ya fara. Ranar Sallah da ranar Kirsimeti yana gidan zu, yana tsayar da mutane kusa da kejin biri yana cewa kar su motsa. A 2003 ya kama shago a bakin titi, ya sayi kwamfuta tokumbo, wato ta hannu daga Turai, da wani allo mai ƙatuwar ƙeya, irin wanda in za a ɗaga shi sai an yi bismillah an kira mutum biyu. Monita ake ce masa, mu kuwa Mai Ƙeya muke kiransa. Yakan yi minti biyar yana gyaran murya kafin ya nuna komai, in ya ɗau zafi kuma kana iya gasa masara a bayansa. Damina huɗu a kansa nake shanya safata.

Abu ɗaya aka san Haladu da shi: hotonsa yana kama da mai shi. A shekarun da kwamfuta ta shigo, masu hoton garin nan sun haukace da goge fuska. Amarya za ta shiga shago kalar gindin tukunya ta fito kalar madara, har ango ya tsaya yana tambaya ko an canza masa. Haladu ba ya yi. In kana da tsage zai bar maka tsagenka. In hancinka ya karkata gabas, gabas zai kalla a takarda. 'Yan mata ba su cika son shagonsa ba. Amma masu fasfo, da masu neman aiki, da waɗanda aka yi wa rasuwa suna son hoton mamaci a falo, daga Jos Jarawa har Gada Biyu, wurinsa suke zuwa, har bayan da rikicin garin ya sa mutane suka fara tambayar sunan unguwa kafin su shiga.

Wata Litinin a watan Agusta na 2007, ina zaune a bencinsa ina jiran ruwa ya tsagaita, sai ga wata tsohuwa da 'yarta sun shigo da lema ɗaya. Mama Naomi ce daga Gada Biyu, 'yar kuma Hosana, malamar firamare. Tsohuwar ta kwance bakin zane, ta kwance leda, ta kwance wata ledar a cikin ledar, sannan ta fito da wani tsohon katin aiki na kamfanin kuza. A jikinsa akwai hoto baƙi da fari wanda bai wuce akwatin ashana ba. Mutum ne kakkaura mai zagayayyar fuska, ya haɗe gira kamar mai hoton ya zagi ubansa.

Mijinta ne, Badung, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa injin haƙa. Hosana ta ce ba ya son hoto. Sau ɗaya ya taɓa tsayawa a rayuwarsa, shi ma kamfani ne ya tilasta shi. Lahadi mai zuwa zai cika shekara da rasuwa, za a yi addu'a a coci, jikoki za su zo daga Legas da Kaduna, wasunsu ba su taɓa ganinsa ba. Ana so a faɗaɗa hoton a sa a firem.

Haladu ya ɗaga katin ya duba a haske. Ya ce, "Mama, wannan hatimin da ya hau masa kafaɗa fa, in goge shi?"

Ta ce, "Kar ka taɓa, ɗana. Shekara talatin ya yi wa mutanen nan aiki, abin da suka bar mana ke nan."

Ya kifa katin a kan gilashin sikana, injin da ke kwashe hoto ya zuba a kwamfuta. Haske ya wuce, Badung ya fito a fuskar Mai Ƙeya da fushinsa da komai. To amma katin ya sha danshin damina a cikin ledojin nan, gilashin kuma ya yi ɗumi. Da Haladu ya ɗago shi, takarda ta taso, fuska ta zauna a gilashi. Rabin Badung ya manne, sauran rabin ya narke a yatsansa.

Hosana ta dafe kai. Ni na duba ƙofa na ga ko a buɗe take. Haladu bai iya kwana-kwana ba, ya juya allon ya ce, "Mama, katin ya tafi, a hannuna ya lalace. Amma ga shi nan, ya riga ya shiga ciki."

Ta daɗe tana kallon allon. Ta ce, "To ka fito mini da shi kafin Lahadi. Yadda yake."

Suka tafi. Ba a yi la'asar ba sama ta sake haɗowa, aka saki wata tsawa irin ta garin nan, wadda ke sa kare ya shiga ƙarƙashin gadon maƙwabci. Mai Ƙeya ya yi ƙara ɗaya, hoton ya tattare ya zama ɗigon fari a tsakiya, ɗigon ma ya tafi, wari ya tashi. Kwamfutar dai tana ta gurnaninta, ba abin da ya same ta. Mai gyaran talabijin na layinmu ya buɗe ƙeyar ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ce wannan sai dai addu'a. Badung kaɗai da ya rage a duniya yana cikin akwatin ƙarfe, ba tagar da za a gan shi.

Talata da safe na ɗauki Haladu muka shiga gari wurin Ifeanyi mai kayan kwamfuta. A Jos aka haifi Ifeanyi, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Yana da masu ƙeya jere a ƙasa kamar raguna, ya nuna mana ɗaya. Amma a kan kantar shagon akwai wani baƙi siriri mai faɗi, filat sikirin, ko kaurin littafi bai kai ba. A nan zan faɗi gaskiya don kar a ji a bakin wani: ni na zuga Haladu. Na ce mai hoto kamarsa bai kamata a gan shi da kayan zamanin kakanni ba. Dalilina kuwa ni zan ɗauko kayan a babur, kuma ina son bayana.

Ifeanyi ya ce, "Oga Haladu, kwamfutarka ta wace shekara ce?"

Haladu ya ce, "Ina ruwanka da shekarunta? Aurenta za ka yi?"

Muka sayi siririn muka kawo shi shago. Wayar da ta zo da shi mai farin kai ce, bakin da ke bayan kwamfutar kuwa shuɗi. Haladu ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya hura, ya ɗauko filaya. Na riƙe masa hannu na ce, "Kai bawa, haƙori za ka cire?" Muka koma. Ifeanyi ya juya allon ya nuna mana baki biyu a bayansa, fari na zamani da shuɗi irin na da, ya ba mu waya mai shuɗin kai.

Ya ce, "In ta shiga ka kira ni, akwai abin da za a duba."

Haladu ya ce, "In ta shiga ai magana ta ƙare."

Ta shiga kuwa. Allon ya kama nan take, ba gyaran murya, da wani haske da ya sa muka ga ƙurar da ke shagon tun ranar da aka buɗe shi. Hoton farko da ya buɗe nawa ne, ina kan babur. Na ga kaina na yi kumatu, na yi wuya, na zama wani alhajin da ke da tifa uku. Wallahi na ji daɗi. Ya buɗe na biyu, wata amarya da ya ɗauka ranar Asabar, ta cika kujera ta zubo gefe. Ya buɗe Badung. Mutumin da dama kakkaura ne, yanzu fuskarsa ta baje kamar farantin da ake kai abincin suna.

Haladu ya tsaya ya yi tunani irin na 'yan aji biyar. Ya ce, "Tsawar nan ta shiga cikin kwamfuta. Ita ta kumbura hotunan."

Na ce, "Kamar garin kwaki in ya sha ruwa."

Ya ce, "Karo na farko ke nan da ka yi magana mai ma'ana."

Ba wanda ya zargi allon a cikinmu. Sabo ne, daga Turai, har da takarda manne a goshi. Haladu ya ce allo madubi ne, abin da aka ba shi yake nunawa. Ifeanyi kuwa ba a kira shi ba, tunda waya ta shiga.

Laraba gaba ɗaya ya yi ta yana matse mutane. Zai kama hoto ta gefe da maus, ɗan abin nan da ake ja da hannu a kan tebur, ya tura a hankali har mutum ya dawo yadda ya san shi. Ido gare shi, wannan ba na hana shi. Ya tura Badung, ya ja baya ya duba, ya ƙara turawa, har ya dawo daidai yadda yake a katin nan da ya narke. Sannan ya yi abin da ya fi komai: ya ajiye matsattsen a kan na asali, ya ce gara a kawar da kumburarren kar ya shafa wa sauran. Ya goge tabon ruwa, ya ɗinke tsagar da ta ratsa kunne, ya bar hatimi. Ya matse amaryar da danginta duka, ya matse wani kofur mai neman fasfo. Alhamis na kai faifai leb, inda ake wanke hoto a sa a firem.

Juma'a da hantsi na ɗauko shi a naɗe cikin takarda. Na tarar Mama Naomi da Hosana sun riga ni, suna zaune a benci. Haladu ya karɓa ya yage takardar a gabansu, ko leƙawa bai yi ba, saboda mutum ne da bai saba jin kunyar aikinsa ba.

Abin da ya fito dogo ne kamar taɓarya. Fuska ta zama ludayi, idanu sun matso har suna gaisawa, kafaɗun da suka tuƙa injin haƙa sun koma na tela mai azumi. In ka kwantar da mutumin nan ta gefe, zai shige ta ƙarƙashin ƙofa.

Mama Naomi ta ce, "Wane ne wannan?"

Haladu ya ce, "Baba ne, Mama."

"Baban wa?"



Ta ce, "Wata huɗu mijina yana kwance, koko kawai yake sha, bai rame haka ba. Ranar da aka sa shi a akwati ma mutum shida ne suka ɗauka, suna nishi."

Hosana ta ce, "Malam Haladu, ina na farkon? Wanda muka gani ran Litinin?"

Haladu ya kunna allo ya buɗe hoton. Tsohuwa ta miƙe tsaye ta nuna da yatsa. "Ga shi! Wannan shi ne!"

Haladu ya ce, "To kin gani."

Hosana ta ce, "Mun gani. Allon za mu ɗauka mu kai coci, ko shi za mu rataya a falo?"

Hoto ɗaya ne, a allo Badung, a takarda ƙaninsa da ba a haifa ba. Haladu ya ce laifin leb ne, su ba shi zuwa gobe. Mama Naomi ta ɗaure bakin zanenta da ba komai a ciki, ta ce, "Jibi ne Lahadi, ɗana." Suka tafi.

Ana saukowa daga masallaci muka nufi leb, Haladu a bayana rungume da firem yana shirya zagin da zai yi. Mai leb ɗin bai yi musu ba. Ya sa faifan a tasa kwamfutar, mai ƙeya irin ta da. Ludayin nan ya fito, sak na takarda. Ya ce, "Abin da ka kawo muka wanke."

Haladu ya sunkuya. Ba fuskar yake kallo ba, kafaɗa yake kallo. Ya daɗe a haka har na zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Mustapha, zo. Ka taɓa ganin kamfanin da ke buga hatimi kamar ƙwai?"

Na duba. Hatimin da Mama Naomi ta hana gogewa ya zama ƙwai a tsaye. Ranar Litinin kuwa zagayayye ne kamar bakin kofi, mu duka mun gani.

Ya ce, "Ba tsawa ba ce. Ni ne."

Na rubuta ranar a zuciyata, don tun da aka haife shi ban taɓa jin ya haɗa kalmomin nan biyu ba.

Daga leb muka wuce wurin Ifeanyi, ya saurare mu har muka gama, bai yi dariya ba sai da ya juya baya. Ya ce, "Oga, kwamfutarka tsohuwa ce. Hoto mai tsawo da faɗi kusan ɗaya ta iya aikawa, irin na allon da. Wannan allon mai faɗi ne, ba ya son barin gefensa ba komai, sai ya ja abin da aka aiko masa hagu da dama har ya cika. Kamar ƙato ya sa hular sanyin yaro. Hotunanka lafiyarsu ƙalau, allon ne ya ja su."

Haladu ya ce, "Waya fa ta shiga."

"Waya ta shiga, amma ba su fahimci juna ba. Ko a sa wa kwamfutar sabon kati a ciki wanda ya san mai faɗi, ko ka koma irin na da. Kala ma ba ɗaya ba ce. Ka tashi tsaye ka kalle shi, mutum ya yi fari. Ka zauna, ya yi baƙi. Da wanne za ka wanke?"

Haladu ya nuna mafi girman ragunan da ke ƙasa, ya ce a ba shi wancan. Ya juyo ya kalle ni ya ce, "Bawa, ɗauki." Na ɗauka. Har yau in hadari ya haɗu ƙuguna yana tuna mini.

Saura magana ɗaya, ita ce babbar. Matsattsen ya hau kan na asali, katin ya narke. Za a iya jan hoton a buɗe shi, amma zuwa ina? Haladu bai san iya turawar da ya yi ba. In ya ja kaɗan, Badung ya rame. In ya zarce, ya zama faranti. Idonsa da yake taƙama da shi kuwa ya ce ya dakatar da shi daga aiki, allo ma kowane iri ne ya daina yarda da shi. Takarda kawai.

Ya ɗauki firem ɗin ya nufi teburin mai shayin layinmu. Ya ɗora bakin kofi a kan hatimin, ya yi girma. Ya ɗora murfin kwalba, ya yi kaɗan. Ya ɗora gindin gwangwanin madara, ya zo daidai da tsawon ƙwan daga sama zuwa ƙasa. Tsawo dai bai taɓa shi ba, faɗi ya matse. Ya sa gwangwanin a aljihu, mai shayi yana kallonsa yana jiran bayani, bai samu ba.

Asabar tun da aka buɗe leb muna ciki. Haladu ya ja hoton, aka wanke, ya ɗora gwangwani: gefe da gefe gwangwani ya rufe hatimi, da saura. Ya ƙara ja, aka wanke: hatimi ya leƙo hagu da dama, ƙwai ya kwanta, ya zarce. Ya rage kaɗan, kaɗan ƙwarai, kamar mai zuba gishiri a miyar suruka. Aka wanke na uku. Ya ɗora gwangwani, ya bi gefensa da farce har ya zagayo inda ya fara. Layin hatimin bai rabu da gindin gwangwanin ko'ina ba. Sai a lokacin ya yarda ya kalli fuskar.

Bai jira su zo ba. Muka hau babur zuwa Gada Biyu cikin yayyafi, ya lulluɓe firem da leda uku ya bar kansa a buɗe. Mun tarar da tsakar gida cike da mata, ana feraye dankali, ana yanka ganyen gwate na baƙin gobe. Mama Naomi ta goge hannu a zane, ta karɓa da kanta. Wannan karon Haladu ya tsaya nesa, kusa da ƙofa, inda ni na saba tsayawa.

Ta cire ledojin ɗaya bayan ɗaya. Ta kai hoton bakin haske. Mata suka daina yanka. Ta bi hatimin da yatsa, ta dawo kan girar nan da ta haɗe.

Ta ce, "Shi ne. Har da fushin."

Hosana ta karɓa ta shige ɗaki da sauri, ba ta bari mun ga fuskarta ba. Aka ce mu zauna mu ci abinci. Haladu ya ce a ƙoshe yake, ni na ci nawa da nasa. Da muka tashi tafiya tsohuwar ta biyo mu har bakin babur.

Ta ce, "Ɗana, wancan siririn fa?"

"Yana shago, Mama."

"Ka ƙona shi. Kar wani ya gani ya ce ban ba shi abinci ba."

Ya ƙona shi a bayan shago a ranar, tare da gwaji biyun da ba su yi ba. Kofur ya dawo da fasfonsa yana faɗa, an ce masa a ofis ya kawo nasa ba na ɗansa ba, aka sake masa. Amarya kuwa Haladu ya aika mata har sau biyu ta kawo hotunan a gyara, ta ce ita ba ta ga abin gyara ba, ta ma turo ƙawayenta. Ya kore su.

Mai Ƙeya na biyu ya yi masa aiki har ƙarshen 2009, lokacin da ya canza kwamfuta da allo a rana ɗaya, daga hannu ɗaya, bayan ya sa Ifeanyi ya haɗa su a gabansa. Gwangwanin yana nan a kan teburinsa, ya yi tsatsa. Duk allon da zai shigo shagon sai ya zana da'ira a ciki ya manna masa gwangwanin a fuska tukuna. Ni kuma hotona na alhaji mai tifa uku, na roƙe shi ya wanke mini shi yadda na gan shi ranar Talatar nan. Ya ce bai taɓa ɗaukar wannan mutumin ba.